Karatun manufofin lafiya a waje da zazzaɓin damina: a tafi ko a zauna?

Maman Walida:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son in ji ta daga bakin waɗanda suka san aikin lafiya a ƙasa. Ni jami'ar lafiya ce a matakin farko a wata ƙaramar hukuma ta jihar Jigawa, kuma duk damina ina cikin masu sa ido a kan rabon maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Maganin yana aiki, masu rabon ma suna iya bakin ƙoƙarinsu, amma abubuwan da ke kawo mana cikas ba a hannunmu suke ba: ranar da kaya za su iso, adadin yaran da aka ƙiyasta wa kowace mazaɓa, lokacin da za a biya alawus, da kuma wanda zai karanta rahoton da muke turawa sama. Duk waɗannan a wani ɗaki ake yanke su, kuma babu irinmu a cikin ɗakin. Shi ya sa nake tunanin neman gurbin digiri na biyu a fannin manufofin lafiya a Ingila ko wata ƙasa. Maigidana bai hana ni ba, sai dai ya tambaye ni abin da zan koyo game da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar da ba a fama da shi, kuma amsar da na ba shi ko ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Don Allah waɗanda suka je da waɗanda suka ƙi zuwa su taimaka mini.

Likitan Karkara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, tambayar maigidanki tana kan hanya. Babu wani sirri na wannan cuta da ya rage a ɓoye a Landan. Mun san gidan sauro mai magani yana aiki, mun san ya kamata a yi gwaji kafin a ba da magani, mun san allurar atesunet ta fi kwinin ceton yaron da aka kawo yana jijjiga, mun san mai ciki tana bukatar Fansidar aƙalla sau uku a lokacin awo. Duk wannan yana rubuce a takardun manufofin ƙasar nan, kuma takardun ba su da laifi.

A watan Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage mace-macen wannan cuta da rabi kafin 2010. Shekara na zagayowa suka sake taruwa a Abujar, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ko kusa da hakan ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna an samu kamuwa miliyan 263 a duniya, mutum kimanin 597,000 suka rasu, kusan kashi 31 cikin 100 nasu a Najeriya. Waɗanda suka tsara wa shugabanni waɗancan alkawura ai masu manyan digirori ne. Abin da muka rasa shi ne sakin kuɗi a kan lokaci da bin diddigin inda suka shiga, kuma ban san jami'ar da ke koyar da yadda za a sa kwamishinan kuɗi ya sa hannu ba. Bayan haka, waɗanda na sani da suka tafi, kaɗan ne suka koma inda suka fito. Yawanci Abuja suke sauka, su shiga ofisoshin ƙungiyoyin agaji, asibitin sha-ka-tafi kuma ya rasa mutum mai hazaƙa guda ɗaya.

Baban Sadiq:
Likita, ranka ya daɗe, abin da ka ce ba a koyarwa shi ne ainihin abin da na tarar ana koyarwa. Na yi irin wannan karatu a Landan, kuma babu wanda ya tsaya yana nuna mana yadda sauro ke cizo. An koya mana yadda ake lissafa abin da za a kashe don ceton rai guda ta wannan hanya da ta waccan, yadda ake tara kuɗin lafiya da raba shi, yadda ake gano masu ruwa da tsaki da abin da kowannensu yake so ko yake tsoro, da yadda ake matse bincike mai shafi ɗari ya koma takarda mai shafi biyu wadda babban sakatare zai iya karantawa a mota.

Bari in kwatanta maka zaman da nake nufi, domin na zauna a irinsa. Za a raba gidan sauro a jiha, ɗaya ga kowane mutum biyu kamar yadda aka saba duk bayan shekara uku. Tambayar ita ce wane iri za a sayo, tunda sauron yankinmu ya bijire wa maganin da ake sa wa tsofaffin gidajen sauro, sababbin kuma masu sinadari biyu, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2023, sun fi tsada. Sai ƙwararren da mai ba da tallafi ya turo ya buɗe kwamfutarsa, ya haska taswira a bango, ya ce lissafi ya nuna a kai wannan iri ƙananan hukumomi kaza, wancan kuma a kai saura. Namu suna zaune a jere, daraktoci da shugabannin sassa, kowa ya san wace ƙaramar hukuma ce ke da fadama da noman shinkafa, wacce ce ambaliya ke cinyewa duk shekara, amma babu wanda ya iya tambayar daga ina aka ɗauko alƙaluman da aka zuba a lissafin, ko me zai canja idan aka gyara su. Aka gyaɗa kai, aka yi addu'ar rufe taro. Ƙwararren nan ba mugu ba ne, kuma da an tambaye shi da ya ji daɗi. Mutumin da ya san ƙasa kamar Hajiya, kuma ya san yadda ake warware irin wannan lissafi, shi ne ya yi ƙaranci a teburin.

Game da tambayar maigidanta kuwa, makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful tun 1898 take, ta Landan kuma tun 1899, kuma kowa ya san an kafa su ne don kare lafiyar ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan kasuwarsu. Amma sun tara ilimi da ɗakunan karatu da malamai, kuma a aji ɗaya za ki zauna da wanda ya gudanar da shirin yaƙi da cutar a Malawi da wadda ta yi a Kambodiya. Rabin abin da na ƙaru da shi daga bakin abokan karatu na ji shi.

Dattijo Mai Ritaya:
Ina yi wa kowa sallama. 'Yata Maman Walida, tunda daga Jigawa kike, ina so ki san cewa wani ɓangare na abin da za ki je ki karanta a can, a ƙasarku aka samo shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano. An yi feshin maganin sauro a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da bai wa kowa da kowa magani, ana ɗibar jinin mutane a kai a kai, ana kama sauro ana ƙirgawa. Cutar ta ragu ƙwarai a inda aka haɗa feshi da magani, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka dakatar da aikin sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a cikin ɗaki bayan ya sha jini, don haka feshin bango ba ya samun sa. An wallafa sakamakon a littafi a 1980, kuma har yanzu masu lissafin yaɗuwar cutar suna komawa ga alƙaluman Garki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ɗalibi a Turai ya fi ɗan Garki sanin wannan aiki. Haka kuma Farfesa Brian Greenwood, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar bincike ta Gambiya inda aka yi manyan gwaje-gwajen gidan sauro mai magani, ya shafe shekarun 1970 ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Saboda haka ni ban ɗauki tafiyar a matsayin roƙon ilimin wasu ba. Sai dai ina tare da Likita a kan abu ɗaya: wanda ya tafi ba tare da wata tambaya da ta dame shi daga wurin aikinsa ba, zai dawo da takardar shaida da sabon lafazi, shi ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in kawo misali daga wajenmu, domin yana nuna cewa kyakkyawar niyya da sa hannun shugaba ba su wadatar ba. A 2006 gwamnatin Nijar ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar za a duba su kyauta a gidajen likita na gwamnati. Iyaye mata suka yi ta kawo yara, kuma wannan alheri ne, musamman a watannin da zazzaɓi ke haɗuwa da ƙarancin abinci kafin kaka. Tsarin shi ne gidan likita ya yi aikin, ya aika da takardun kuɗinsa, gwamnati ta biya shi daga baya. Biyan nan ne ya riƙa yin jinkiri na watanni har da shekaru, bashi ya taru, gidajen likita suka kasa sake sayo magani, sai a duba yaro kyauta a rubuta wa uwarsa takarda ta tafi ta saya a waje. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubuce-rubuce a kan wannan. Matsalar ba ta ilimin likitanci ba ce ko kaɗan, ta tsara hanyar da kuɗi zai bi ne, da ƙiyasin abin da shirin zai ci kafin a yi shelarsa. Wannan kuwa shi ne fannin da Hajiya take son karantawa.

Kuma kada a ɗauka waje yana nufin Ingila kawai. Mu nan da yawa Dakar ko Wagadugu ko Bamako ake zuwa, wasu kuma makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Antwerp a Beljiyam. Farfesa Halidou Tinto na Burkina Faso a Antwerp ya yi digirinsa na uku, ya koma gida ya kafa cibiyar bincike a Nanoro, wani ƙaramin gari, inda aka gwada allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 da ake yi wa yara yanzu. Marigayi Farfesa Ogobara Doumbo na Mali ya yi karatu a Faransa, ya koma Bamako ya gina cibiyar da ta horar da masu bincike masu yawa. Shi kansa maganin damina da Hajiya take rabawa, gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya da Ghana ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Mai Kemis:
Ni ban yi zurfi a boko kamarku ba, amma ina roƙon a ji ta bakinmu, domin kafin uwa ta kai yaro asibiti, wurinmu take fara tsayawa. Da magariba za ta shigo da shi a goye, jikinsa kamar wuta, a hannunta kuɗin da bai kai na cikakken magani ba. Idan na ce a fara yin gwaji, sai ta ce kuɗin gwajin ai gara a ƙara a sayi magani, tunda ita ta san zazzaɓi ne. Idan gwajin ya nuna babu ƙwayar cutar, ba ta yarda ba, za ta wuce shago na gaba inda ba za a tambaye ta komai ba. Wata kuma allura take so, don a ganinta ƙwaya ba ta da ƙarfi. Wata za ta ba yaro maganin kwana ɗaya, da ya tashi ya fara wasa sai ta ajiye sauran domin ƙanensa. Tun da aka daina kulorokwin aka koma sabon magani wajen 2005 muke fama da wannan, saboda sabon ya fi tsada.

Abin da nake so in sani shi ne, a can wurin karatun ana maganar irinmu kuwa? Domin a taron da ake kiran mu, ana zuwa ne a gaya mana abin da aka hana mu, ba a tambayar mu abin da muke gani. Kuma duk yaran da suka bi ta shagona babu su a cikin rahoton da ake turawa Abuja.

Baban Sadiq:
Malam, ana maganarku ƙwarai, har akwai darussa a kan yadda gwamnati za ta yi hulɗa da masu sayar da magani. An ma taɓa gwada wani shiri a Najeriya da wasu ƙasashe daga 2010, inda aka biya wa kamfanoni wani kaso na kuɗin maganin tun daga masana'anta domin ya iso shagonku da sauƙi, a kwali mai alamar koren ganye. Wataƙila ka tuna da shi. Amma gaskiyarka ce, karanta labarinku a takarda daban, zama a shagonka da magariba daban.

Likitan Karkara:
Na ji bayanin Baban Sadiq, kuma na yarda akwai gurbin da babu kowa a teburin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sai an haye teku za a cike shi. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai cibiyar nazarin lafiyar al'umma da manufofi wadda Bankin Duniya ya tallafa wa. Akwai shirin horar da masu bin diddigin cututtuka a fagen aiki da aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, wanda ɗalibansa suka taka rawa lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a 2014. Mutum yana karatu yana aikinsa, yana kwana a gidansa. Tun da aka saki naira a 2023 kuwa, kuɗin makarantar shekara ɗaya a Ingila ya kai abin da ma'aikacin ƙaramar hukuma ba zai tara ba ko da ya ajiye albashinsa gaba ɗaya na shekaru masu yawa. Na ga wanda ya sayar da gonar gado don wannan, kuma ban ga abin da ya dawo da shi da ya kai gonar ba. Idan muka ci gaba da nuna cewa sai mai takardar waje ne za a saurara, mu da kanmu muke kashe makarantunmu.

'Yar Zangon Kumasi:
Ina gaishe da iyaye da yayye. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ghana, kuma ina ganin Likita da Baban Sadiq kowa ya riƙe gefe guda na gaskiya. A Navrongo, can arewacin ƙasarmu kusa da iyakar Burkina Faso, aka yi gwajin gidan sauro mai magani a farkon shekarun 1990, aka ga ya rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi 17 cikin 100. Wanda ya jagoranci aikin ɗan ƙasa ne, Farfesa Fred Binka. Daga wannan cibiya kuma aka samo tsarin zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye maimakon ta jira a asibiti, wanda daga baya ya zama manufar ƙasa baki ɗaya. Abin lura shi ne cibiyar ta hukumar lafiyar Ghana ce, ba baƙuwa ba ce, don haka wanda ya tafi ƙaro ilimi yana da kujerar da zai dawo ya zauna, kuma abin da ya gano yana da hanyar da zai bi ya isa ma'aikata.

Da aka zo gwajin nau'in farko na allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a 2019, Ghana da Kenya da Malawi aka zaɓa. Abin da ya fi ba mu wahala ba yi wa yara allurar farko ba ne, dawo da su ne domin ta huɗu, wadda ake yi bayan yaro ya girma ya fara tafiya, lokacin da uwa take ganin ta gama da asibiti. Ku ma da kuka fara R21 a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024, inda ake yin ta huɗun idan yaro ya kai wata 15, za ku gamu da wannan. Yaya Maman Walida, idan kina neman tambayar da za ki tafi da ita kamar yadda Baba ya ce, ga ɗaya nan: masu rabon maganin damina suna shiga kowane gida sau huɗu ko biyar a shekara, shin za su iya duba katin riga-kafi su tura waɗanda suka tsallake, kuma nawa hakan zai ƙara a kan kuɗin aikin? Wani bincike a Mali da Burkina Faso da aka wallafa a 2021 ya nuna haɗa wancan nau'in farko na allurar da maganin damina ya rage kwanciya asibiti da mace-mace saboda cutar da kimanin kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da amfani da ɗaya kawai.

Maman Walida:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, ka kwantar da hankalinka, ba ni da gonar sayarwa, kuma ko da ina da ita ba zan taɓa ta ba. Idan babu cikakken tallafi, babu tafiya. Abin da nake so Baban Sadiq ya ƙara mini haske a kai shi ne hanyoyin tallafin, da batun yara, domin ƙaramarsu ba ta daɗe da shiga firamare ba.

Baban Sadiq:
Hajiya, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, yana bukatar aƙalla shekara biyu ta ƙwarewar aiki, kuma sharaɗinsa ne ki koma ƙasarki na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Ana buɗe shi ne wajen watan Agusta ko Satumba. Akwai na ƙungiyar Kwamanwel, akwai DAAD na Jamus, akwai na gidauniyar Mastercard wanda har a wasu jami'o'in Afirka ake cin moriyarsa. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara a Afirka, sun riga sun sani. Ki rubuta musu abin da kika gani da idonki a mazaɓunki, da abin da kika yi a kai, da ofishin da za ki koma.

Batun iyali kuwa ki auna shi da kyau. Daga watan Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan masu digiri na biyu zuwa da iyalansu, kuma ko inda aka yarda, kuɗin tallafin na mutum ɗaya ne. Makarantar Landan tana da karatu daga nesa ta intanet, wanda ake yi a hankali cikin 'yan shekaru, sai dai za ki rasa zaman aji da na ce shi ne rabin amfanin. Abu mafi muhimmanci, kada ki ajiye aiki. Ki nemi hutun ƙaro karatu a rubuce, kuma tun kafin ki tafi ki zauna da shugaban shirin yaƙi da cutar na jiharku ki tambaye shi wace matsala yake so a bincika masa. Wanda ya ba ki tambaya zai nemi amsarta idan kin dawo.

Dattijo Mai Ritaya:
Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta fi gaggawa yanzu. A cikin shekaru ashirin da suka wuce, mafi yawan gidajen sauro da kayan gwaji da maganin da ake bayarwa kyauta, Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da aka kafa a 2002, da shirin shugaban Amurka na 2005, su ne suka riƙa biyan kuɗinsu. An samu ci gaba: binciken ƙasa ya nuna yara masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu daga kashi 42 cikin 100 a 2010 zuwa kashi 22 a 2021, ko da yake a Kebbi kusan rabin yaran ne, a Legas kuwa kimanin kashi 3. To, a farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje, kowa ya ga yadda ayyuka suka tsaya cak. Idan kuɗi ya ragu, dole a zaɓi abin da za a riƙe da abin da za a saki, da inda za a fara. A lokacin yalwa ana iya rufe kuskuren tsari da ƙarin kuɗi, amma yanzu kowane zaɓi akwai yaran da zai bari a waje. Ga kuma sabon nau'in sauro na Asiya da ke iya hayayyafa a tankunan ruwa na birane, wanda aka gano a jihar Gombe a 2020. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma ina so in ga mutanen da za su iya bin wannan kuɗi tun daga Abuja har zuwa asusun asibitin mazaɓa, ko a Kano suka koyi hakan ko a Landan.

Likitan Karkara:
Baba, a kan wannan ba ni da ja. Amma tunda ana neman tambayar bincike, ni tawa ta fi ta allura sauƙi, kuma Hajiya ta ambace ta tun farko: adadin yaran. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma a kan wannan tsohon adadi ake ta ɗora ƙiyasi shekara bayan shekara. Shi ya sa za ka ga rahoton wata mazaɓa yana cewa an kai ga fiye da kashi 100 cikin 100 na yara, alhali magani ya ƙare kafin a shiga rugagen da ke bayan gari, wata mazaɓar kuma kwalaye sun yi saura. Masu rabo suna da littattafan gida-gida na shekaru. A tattara su, a kwatanta da ƙiyasin da ake turowa daga sama. Wannan aiki ba ya bukatar biza.

Ɗan Maraɗi:
Likita, tattarawar ba ta bukatar biza, amma fassara abin da aka tattara yana bukatar horo, kuma littattafan ma ba za su ba ka cikakkiyar amsa ba a ƙananan hukumomin bakin iyaka. A wajen Maigatari da Ɓaɓura, ko tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, gida ɗaya ne iyaka ta raba. Uwa takan tafi wankan jego ko biki ta yi wata biyu a ɗaya ɓangaren tare da yaranta, makiyaya kuma suna tafiya da damina. Idan ranakun rabon Nijar da na Najeriya ba su zo daidai ba, wani yaron zai sha sau biyu a wata ɗaya, wani kuma ya tsallake duka biyun, kuma kowace ƙasa za ta rubuta shi ko ta manta da shi a nata littafin. Duk wanda zai yi wannan bincike, sai ya nemi izini daga ma'aikatun lafiya biyu, ɗaya tana aiki da Turanci, ɗaya da Faransanci, sannan ya shawo kansu su yarda su nuna wa juna alƙalumansu. Idan Hajiya ta ɗauki wannan, ni zan taimaka da fassarar takardun ɓangarenmu.